Besbol, ƙwallon Amurka, hoki ko kwando: wanne ya dace mazaunin New York ya riƙa?

Duk wanda ya sauka a New York da soyayyar Firimiya a ransa, bai daɗewa zai lura cewa hirar abokan aiki da fasinjoji da maƙwabta ta wani wajen ta nufa. Birnin da kewayensa na da ƙungiyoyi tara a manyan gasanni huɗu: Yankees da Mets a besbol, Giants da Jets a ƙwallon ƙafar Amurka, Knicks da Nets a kwando, sai Rangers da Islanders da Devils a hokin ƙanƙara. Mai aikin awa goma a rana ba zai iya bin tara ba, ko huɗu ma. Kuma yawancin waɗanda ke zaɓa suna bin sunan da ya fi ƙara ne, sai daga baya su tarar wasan bai zo daidai da lokacinsu ko aljihunsu ba. Abin da ya fi amfani shi ne a raba tambayar biyu: wane wasa za ka riƙa zuwa fili kallo, wanne kuma za ka bi a talabijin ko rediyo. Da wuya amsar ta zama ɗaya.

Kafin nan, akwai abin da ɗan Firimiya zai sauke daga kansa. A duk gasannin nan babu faɗawa gasar 'yan dagaji. Ƙungiya za ta iya zama ta ƙarshe shekara biyar a jere, kuma tana nan daram. Hasali ma galibi waɗanda suka fi shan kashi su suka fi samun damar fara zaɓar matasan 'yan wasa a shekara mai zuwa, shi ya sa za ka ga magoya baya suna addu'ar ƙungiyarsu ta ci gaba da faɗuwa idan kaka ta riga ta lalace. Kuma wanda ya ƙare a saman tebur bai ci komai ba tukuna. Kofi sai a zagayen ƙarshe da ake yi bayan kakar.

Besbol: arha, kusa, amma yana son haƙuri

Ga mazaunin Bronx, inda 'yan Afirka ta Yamma suka fi yawa, har da Hausawan Gana da Nijar da Najeriya, filin Yankees a ƙofar gida yake. Jirgin ƙasa na cikin gari mai lamba 4 ko D zai sauke ka a tashar titi na 161, daga matakalar tashar kana ganin bangon filin. Na Mets yana Queens, kan layin jirgi mai lamba 7. Dukansu an buɗe su a 2009.

Babbar fa'idar besbol yawa ce. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, 81 a gida. Kujera kuwa ta haura dubu arba'in a kowane filin. Kaya idan suka yi yawa dole farashi ya sauka: wasan daren Talata a watan Afrilu ko Mayu da wata ƙungiya mara suna, kujerun bayan fili ko na can sama, shi ne tikiti mafi arha da za ka samu a duk wasannin huɗu. Wasan Yankees da Red Sox, ko Yankees da Mets, wannan wata kasuwa ce daban. Sannan filayen besbol biyun suna barin mutum ya shiga da abincinsa da robar ruwa wadda ba a buɗe ba, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai neman halal ko mai yara uku. A dai duba ƙa'idar girman jaka kafin a fito, domin suna mayar da mutum daga bakin ƙofa.

Wasan kansa shi ne matsalar. Zagaye tara ake yi, a kowane zagaye kowace ƙungiya tana samun damar bugu har sai an fitar mata da mutum uku. Mai jifa yana tsaye ƙafa sittin da rabi daga mai bugu, yana sako ƙwallo da gudun da kan kai kilomita 150 a awa. Kuskure uku, mai bugu ya fita. Jifa huɗu da suka kauce hanya, a ba shi tasha ta farko kyauta, wato ta farko cikin wurare uku da mai bugu ke gudu ya taka. Maki ɗaya sai mutum ya zagaye tashoshi uku ya dawo gida. Baƙo yana zaune yana jiran a yi gudu, bai san wasan yana tsakanin mai jifa da mai bugu ba ne, a dabarar wace irin ƙwallo za a sako da inda za ta bi. Sai an kalli wasa biyar ko shida kafin ido ya fara rarrabe mai saurin da mai lanƙwasa. Wanda bai kai nan ba zai ce wasan barci ne, kuma ba za a ga laifinsa ba.

An dai rage masa jan rai. Tun 2023 aka sa wa mai jifa agogo, daƙiƙa 15 idan babu kowa a tasha, wasan da a da yake haura awa uku ya dawo kusan awa biyu da minti arba'in. Wanda aka fara ƙarfe 7:05 yakan ƙare kafin goma.

Abubuwa biyu ke ɓata wa sabon ɗan kallo rai. Na farko ruwan sama: ba a buga besbol cikin ruwa mai ƙarfi, filayen biyu kuma ba su da rufi. Ana iya shimfiɗa tamfol a zauna jira awa ɗaya ko biyu. Idan an kammala zagaye biyar, ana iya ɗaukar wasan a matsayin ya cika, kuɗinka ya tafi. Idan an ɗage tun farko, tikitinka na ranar da aka sake sawa ne, wadda kan faɗo da rana tsaka cikin mako kana wajen aiki. Wanda ya saya a hannun 'yan sake-sayarwa ya karanta sharaɗinsu, don ba lallai ya zama irin na ƙungiya ba. Na biyu, babban mai jifa ba kullum yake fitowa ba, sau ɗaya ne a wasa biyar. Ana sanar da sunan wanda zai fara tun kwanaki kafin wasa, a duba kafin a biya.

Zuciya ma sai an sake mata saiti. Ƙungiyar da ta fi kowa a besbol tana shan kashi kusan sau sittin a kaka. Gwanin mai bugu yana kasawa sau bakwai cikin goma. Wanda ya saba kwana da baƙin ciki duk ranar da ƙungiyarsa ta faɗi, hawan jini zai kama shi kafin Yuni.

Tsakanin biyun kuwa: Yankees sun ɗauki kofi na 27 a 2009, sun kai wasan ƙarshe a 2024 Dodgers suka doke su, kuma magoya bayansu ba sa lissafa shekarar da babu kofi a matsayin shekara. Mets an kafa su ne a 1962 don cike gurbin Dodgers da Giants na besbol da suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya bayan kakar 1957, kofinsu biyu, 1969 da 1986, jama'arsu sun saba da wahala har sun mayar da ita abin raha. Idan a Bronx kake, kada ka wahalar da kanka.

Ƙwallon Amurka: na falo ne, ba na fili ba

Wannan shi ne wasan da ya fi kowanne jama'a a ƙasar, shi ne kuma mafi sauƙin bi ga mai aiki. Wasa 17 kacal a kaka, daga Satumba zuwa farkon Janairu, sau ɗaya a mako, yawanci Lahadi ƙarfe ɗaya ko huɗu da 'yan mintoci. Awa uku a mako, ka gama, kuma ranar Litinin kana da abin faɗa a wajen aiki. Wasannin Giants da Jets ana nuna su a tashoshin da eriya ke kamawa kyauta a yankin New York, irin su CBS da Fox da NBC. Ko wanda aka sayar wa kamfanin intanet, ana sako shi a tashar gida ga garin ƙungiyar da ke bugawa. Eriyar ɗaki ta 'yan daloli ta wadatar. Babu wani cikin sauran ukun da ke da wannan.

Dokarsa a taƙaice: mutum goma sha ɗaya kowane ɓangare, ana ba ku dama huɗu ku ci yadi goma, kun ci, a sake ba ku huɗu, kun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kai ta ƙarshen fili maki shida, da ƙarin ɗaya ko biyu. Buga ta tsakanin sanduna maki uku. Agogo minti sittin ne, amma ainihin lokacin da ƙwallo ke motsi bai kai minti ashirin ba. Sauran duk shiri ne da shawara da talla. A talabijin ana cike wannan giɓin da maimaici da bayani, ga wani layi rawaya da ake zanawa a allo yana nuna inda ake son kaiwa. A fili babu layin, babu mai bayani, sai ka ga 'yan wasa tsaye cirko-cirko suna jiran talla ta ƙare a gidajen mutane.

Zuwa filin kuwa aiki ne na yini guda. Filin MetLife, gidan Giants da Jets, ba ma a jihar New York yake ba, yana East Rutherford a New Jersey, ƙungiyoyin biyu suke rabawa tun 2010, kujera sama da dubu 82, shi ne kuma aka zaɓa don wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2026. Daga Bronx sai ka sauka Penn Station, babbar tashar jirgin ƙasa a Manhattan, ka hau jirgin New Jersey zuwa Secaucus, ka sake wani gajeren zuwa filin. Tafiya ba laifi. Dawowa ce ake cin kwakwa, lokacin da dubban mutane suka nufi dandamali ɗaya. Wasan gida takwas ne ko tara a shekara, don haka tikiti da tsada, mai son na kaka kuma a kujeru da yawa sai ya fara sayen lasisin kujerar kafin ya sayi tikitin kansa. Jaka sai ta roba mai nuna ciki, inci 12 da 6 da 12. Babu rufi: a Disamba kana zaune kan roba awa uku cikin iskar da ke kaɗowa daga fadama, safa biyu da takalmi mai kaurin ƙasa ba ado ba ne, sanyin ta tafin ƙafa yake shiga. Ana kuma iya mayar da wasan rana zuwa dare idan talabijin ta ga ya yi zafi, kai da tikitinka sai haƙuri.

Ga Musulmi akwai ƙarin lissafi. A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi, wato wasan ƙarfe ɗaya zai haɗiye La'asar ya kai ka bakin Magariba, kuma wanda ya fita ba ya komawa. Sannan a wajen ajiye motoci ake fara gashi da shan giya tun da hantsi, kafin a shiga wasu sun riga sun yi tatul. Ba wurin kai ƙananan yara ba ne a karon farko.

Giants na da kofin Super Bowl huɗu, na ƙarshe a kakar 2011. Jets ɗaya ne, Janairun 1969, kuma bayan kakar 2010 sun haura shekara goma ba su ko shiga zagayen neman kofi ba. Mai zaɓar Jets ya san abin da ya sa hannu a kai.

Kwando

Nan babu doguwar koyarwa. Mutum biyar-biyar, kashi huɗu na minti 12, daƙiƙa 24 a jefa, maki biyu ko uku. Cikin minti goma baƙo ya gane komai, yara ma haka. Wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu, a cikin ɗaki, ba ruwanka da sanyi, awa biyu da kwata zuwa da rabi. Shi ne kuma wasan da ya fi fuskokin da za ka sani: Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, shi ya jagoranci Houston suka doke Knicks a wasa na bakwai a 1994, tsofaffin magoya bayan Knicks ba su manta ba; OG Anunoby, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya zo Knicks a ƙarshen 2023.

Matsalar kuɗi ce. Madison Square Garden, gidan Knicks, yana kan Penn Station a tsakiyar Manhattan, kujerunsa ba su kai dubu 20 ba, kamfanoni da 'yan yawon buɗe ido suna rububinsu, ko a shekarun da ƙungiyar ba ta taɓuka komai. Knicks sun ci kofi a 1970 da 1973, daga nan suka shiga farin da ya haura shekara hamsin, farashin bai taɓa jin kunya ba. Nets a Brooklyn, inda suka koma a 2012, sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, filinsu yana kan babbar mahaɗar jirage ta Atlantic Avenue, jirgi mai lamba 4 ko D daga Bronx zai kai ka ba sauyi. Sai dai ɗakin yakan cika da magoya bayan baƙi. Wanda burinsa ya ga taurarin gasar da idonsa, Brooklyn ce hanyarsa. Wanda yake son ya zama ɗan gari a hira, Knicks a talabijin.

Abin da ke ƙona rai a kwando shi ne hutar da taurari. Ka biya kuɗi mai kauri don wani ɗan wasa, ka tarar da shi zaune da kayan gida saboda ƙungiyarsa ta buga jiya da dare. Ka duba jadawalin baƙin: idan wasansu na biyu ne a dare biyu a jere, jinkirta saye har a fitar da rahoton masu rauni a ranar wasan. Kuma kada ka tashi don an ba da ratar maki ashirin a kashi na biyu, irin wannan ratar tana narkewa cikin minti biyar. Minti biyun ƙarshe kuwa sukan ci kwata, saboda hutun shawara da laifin ganganci.

Hoki: gani ya kori ji

Abin mamaki, shi ne mafi kusa da ƙwallon ƙafa a tsari. Raga biyu, gola biyu, satar gida, ci uku da biyu ya zama sakamako na yau da kullum. Mutum shida kowane ɓangare har da gola, kashi uku na minti 20. Ana sauya 'yan wasa wasa na tafiya, kowane rukuni bai cika wuce daƙiƙa 45 a kan ƙanƙara ba saboda gudun ya fi ƙarfin huhu. Mai laifi ana zaunar da shi minti biyu a keji, ƙungiyarsa ta buga da mutum ɗaya ƙasa, nan ne ake yawan cin ƙwallo. Faɗa da hannu minti biyar ne, ba kora ba. Idan ana neman ramawa a ƙarshe, sai a cire gola a sa ɗan gaba, a bar raga wayam.

A talabijin wasan yana wahalar da baƙo, domin abin da ake bugawa baƙar roba ce mai faɗin inci uku, kafin ido ya same ta ta bar wurin. A fili kuwa, musamman daga kujerun sama inda ake ganin dukan ƙanƙarar, babu wanda ya kai shi cikin huɗun: ƙarar takalmi yana yankar ƙanƙara, ƙarar ƙato ya haɗa ƙato da gilashi. Akwai ladabinsa: ba a tashi ko komawa kujera sai an busa, masu tsaron ƙofa za su tare ka, kuma ba a sunkuyawa gaba don kana rufe wa na baya raga. Hutu biyu da ake yi na kusan minti 18 sun isa alwala da salla idan ka tambayi ma'aikata wani lungu.

Rangers suna raba ɗaki da Knicks, suna raba tsadar ma. Kofinsu na 1994 ya zo ne a watan Yunin da Olajuwon ya hana Knicks nasu. Islanders sun ci huɗu a jere daga 1980 zuwa 1983, sabon filinsu na Elmont da aka buɗe a 2021 ya yi wa ɗan Bronx nisa. Devils a Newark, masu kofi uku, su ne mafi sauƙin gwaji: jirgi daga Penn Station, sai 'yar tafiya a ƙafa. Gaskiyar magana, da wuya ka sami abokin hirar hoki a masallacin unguwa ko wajen mai aski. Wanda hira ce ta kawo shi, ya sa wannan a ma'auni.

Tarkon talabijin

A nan mutane suka fi asarar kuɗi. Mutum zai sayi manhajar gasar, MLB.TV ko NBA League Pass, yana zaton zai ga ƙungiyar garinsa, sai ya tarar an toshe masa ita daidai, sauran ƙungiyoyin ƙasar duk a buɗe. Dalili kuwa an sayar da haƙƙin nuna wasan gida ga tashoshin yanki: YES ke da Yankees da Nets, SNY ke da Mets, MSG ke da Knicks da ƙungiyoyin hoki uku. Manhajar gasa ta wanda ke zaune nesa da ƙungiyarsa ce. Ko ka biya tashar yankin ma tsugune ba ta ƙare ba, domin ana zare wasu wasannin a kai su Prime Video ko Apple TV ko wata tashar ƙasa. Don haka kafin ka zaɓi wasa, duba tashar da kake da ita. Haɗin Yankees da Nets kuɗi ɗaya ne, haka Knicks da Rangers.

Mai tuƙin tasi ko kai kaya yana da mafita kyauta: rediyo. Besbol kamar don rediyo aka yi shi, tafiyarsa a hankali, mai sharhi yana da lokacin zana komai, kuma kusan kowane dare akwai wasa tsawon wata shida. WFAN, a 660 AM ko 101.9 FM, ita ke ɗauko Yankees da Giants. Sanin jadawalin ma sana'a ce, don ka san daren da za ka kauce wa titin Major Deegan, wanda ya bi ta gefen filin Yankees, da daren da za ka jira fasinja kusa da shi.

Tikiti yanzu duk a waya yake, kuma lambarsa tana sauyawa, hoton allo ba ya shiga. Duk wanda ya tare ka a bakin fili da takarda ko hoto, wuce shi. A shafukan sake-sayarwa ka duba jimillar ƙarshe, sannan ka sani farashin wasan tsakiyar mako yakan faɗi 'yan awoyi kafin a fara, na babban wasa kuwa hawa yake. Sai caca: tun Janairun 2022 da jihar New York ta halatta ta a waya, tallarta ta cika kowane hutu da kowane bango, da alkawarin kuɗin farko kyauta. Mai ba ɗansa waya ya bi sakamako ya san da wannan.

Idan aka tara duka, mazaunin Bronx mai iyali da matsakaicin samu ya riƙi besbol a fili da rediyo daga Afrilu, ya riƙi Giants da eriya ranar Lahadi daga Satumba. Kuɗin da zai kashe a shekara bai kai na dare biyu a Madison Square Garden da yara ba. Matashin da ke son abin da zai gane yau ya kuma yi musu a kansa gobe, kwando, ya kalli Knicks a gida ya je Brooklyn sau biyu ko uku. Mai aikin dare a ranakun mako kusan ba shi da zaɓi sai ƙwallon Amurka da wasannin besbol na rana ƙarfe 1:05 a ƙarshen mako. Hoki kuwa a gwada shi sau ɗaya a Newark, daren Talata, kujerar sama, a ɗauki rigar sanyi ko da waje babu sanyi.